Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga sarakunan maƙera da sarakunan baka na ƙasar Binuwai, a arewacin Kamaru, kan yanke bakin bindiga

Zuwa ga Sarkin Maƙera da Sarkin Baka na Garwa, da takwarorinsu na Pitowa, Gashiga, Lagdo, Ngong da Cholire.

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamaninku, ya ƙara wa iyayenmu lafiya da nisan kwana.

Ni ɗanku ne. A gidan maƙera aka haife ni, na yi zuga tun hannuna bai iya riƙe awartaki ba, kafin neman abinci ya kai ni daji. Fiye da shekara ashirin na yi ina bin sawu a sansanonin farautar da ke kewaye da gandun Binuwai da na Buba Njida, ina gaba Turawa na biye, da dare kuma ni ke goge bindigoginsu in shafe su da mai. Yanzu gwiwa ta ƙi, na dawo gari ina zaman shagon walda na ƙanena. Ladabi ya so in zo in durƙusa a zaurenku in faɗi maganar nan a hankali. Ku gafarce ni da na rubuta ta a fili. Yaran da nake so su ji ba sa zuwa zaure, suna cikin waya.

Sati uku ke nan, bayan la'asar, wani saurayi ya tsaya da babur a ƙofar shagon, ya sauko da abu naɗe cikin buhun taki. Da ya kwance sai ga bindigar Simplex mai baki ɗaya, kalibar 12, irin ta kamfanin Manufrance da kakanninmu suka saya tun zamanin Faransa, ƙotarta ta yi baƙi don tsufa da gumin hannu. Ya ce ta mahaifinsa ce, Allah ya ji ƙansa. Yana so a rage mata baki da taƙi biyu, a datse gindin ma. Ƙanena ya tambaye shi dalili. Ya ce birai sun hana shi sakat a gonar masara, doguwar bindiga kuma ba ta hawa babur. Ƙanena ya ce masa ba ya wannan aiki. Yaron bai ja magana ba, ya naɗe kayansa, ya ce ba komai, akwai mai yi a bayan kasuwa. Yadda ya faɗe shi ne ya hana ni barci. Kamar mai neman facin taya da aka ce masa babu gam.

Ban ce yaron nan ɗan fashi ba ne. Ina kyautata zaton biran da ya faɗa gaskiya ne, duk wanda ya yi noma kusa da dutse ya san ɓarnarsu. Amma in har akwai mai yi a bayan kasuwa, to akwai masu kai masa, kuma shi mai yin ko dai ɗanku ne na jini ko ɗanku ne na sana'a. Shi ya sa na ga maganar taku ce tun kafin ta zama ta jandarma.

Bari in fara da ƙarfen kansa, don shi na fi sani. Bindigar tsuntsu, wato mai santsin ciki, bututunta ba faɗi ɗaya ba ne daga ɗakin kartush har baki. A kalibar 12 faɗin ciki wajen milimita 18 da rabi ne, amma a 'yan santimitocin ƙarshe maƙerin masana'anta ya ɗan tsuke shi, tsukewar da ba ta wuce milimita 1 ba. Turawa shok suke ce masa, ni kuwa maƙogwaron bindiga nake kiransa. Ido ba ya ganinsa sai an cire bututun an ɗaga shi ga hasken rana, amma shi ne ke dunƙule 'ya'yan dalma su tafi tare kamar garken da makiyayi ke korawa. Tsadar bindigar tsuntsu da ƙwarewar wanda ya ƙera ta rabi a wannan ɗan wuri suke. Kuma shi ne abu na farko da ke faɗuwa ƙasa idan zarto ya ci bakin bindiga. Ko yatsa huɗu aka cire, maƙogwaron ya tafi.

Masu ƙera bindiga suna da ma'aunin da suke gwada wannan. Ana zana da'ira mai faɗin inci 30, wato santimita 76, a kan takarda, a ja baya yadi 40, kusan mita 36 da rabi, a harba. Bindiga mai cikakken maƙogwaro tana zuba kamar kashi 70 cikin 100 na dalmarta cikin da'irar. Wadda ba ta da shi kashi 40 ne, sauran sun watse. Maharbi ya san abin da wannan ke nufi ko bai san lissafi ba. Zabon da a da yake faɗuwa daga taku talatin da biyar, yanzu gashi kawai zai bari ya tashi da ƙafa a karye. Ga manyan dabbobi abin ya fi muni. Kartush ɗin da muke kira dubul ziro ƙwaya 9 ne kacal a cikinsa. In sun bazu, ɗaya ko biyu ne za su sami gadu a cinya ko a ciki, ya gudu ya je ya mutu a kwazazzabo bayan kwana uku ungulu su ci, kai ba nama, shi ba rai. Sauran bakwai ɗin kuwa ba ƙasa ta haɗiye su ba. Sun wuce ta wani wuri, kuma a dajinmu na yanzu babu inda za ka harba ka tabbata babu mace mai itace, ko ɗan Fulani da shanunsa, a bayan ciyawar.

Yara suna cewa guntuwa ta fi ƙarfi. Ƙara suke ji su ɗauka ƙarfi ne. Albarushi in ya kama, iskarsa ce ke ta ingiza dalma muddin tana cikin bututu. In bututun ya ƙare da wuri, ragowar iskar da albarushin da bai gama ci ba sai su fito waje su zama wuta da tsawa. Abin da ya kamata ya bi dalma ya tafi, ya tsaya yana dukan kunnenka. Don in yi adalci, maganar dattawanmu cewa doguwa ta fi kai nesa ita ma rabinta ce gaskiya. Kartush na zamani yana gama yawancin aikinsa cikin santimita 45 zuwa 50 na farko, don haka tsakanin bututu mai santimita 66 da mai 76 bambancin gudun dalma kaɗan ne, maƙogwaro ne ke raba su. Amma masu yanka ba a nan suke tsayawa ba, sai sun ga ta shiga buhu. Adaka kuwa, mai cin baƙin albarushi a hankali, ita tsawon ne rayuwarta. Guntuwar adaka hayaƙi ce kawai da tsoratar da kaji.

Maganar kunne ba a littafi na karanta ta ba. Kunnena na hagu ya mutu, saboda shekarun da na yi ina tsaye gefen bakin bindigar wasu. In jikata ta yi mini magana ta wannan gefen sai na juya mata ɗayan. Dogayen bindigogi ne suka yi mini haka, waɗanda ƙararsu ke wuce ma'aunin desibel 150, alhali daga 140 kunne ke iya lalacewa da harbi ɗaya. To ina ga wadda bakinta ke kamu ɗaya daga fuskarka. Ga kuma shuri. Simplex ko Baikal, ƙirar Rasha, mai baki ɗaya ba ta cika kilo 3 ba tun asali, da ma tana dukan kafaɗa. A cire mata ƙarfe, a cire mata katako, kartush kuwa yana nan yadda yake, duk abin da nauyi ke shanyewa sai ya dawo wuyan hannu. Wanda aka datse wa gindi ba shi da abin dafawa a kafaɗa, yana harbi tana tashi sama, wani lokaci ta sami haƙori.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne hannun hagu. A doguwar bindiga, tsakanin hannun da ke tallafe da ita da bakin akwai tazara mai yawa, kuma in za ta juyo kanka sai ka gani. Guntuwa kuwa ɗan motsin wuyan hannu ya isa bakinta ya koma kan cinyarka, ko kan wanda ka goya a babur. Ana kuma ɗaukarta da kartush a ciki, a cusa a ƙugu, ga guduma a waje tana iya maƙale tufa. Ramin hanyar Ngong guda ɗaya ya isa. Mai baki biyu ita ma ba ta tsira ba: an haɗa bututunta biyu ne da lissafi don su zuba wuri ɗaya a wani nisa, an like su da ƙarfen tsakiya, in an yanke sai haɗin ya buɗe, ɗan ƙwallon saiti na baki ya tafi, kowane bututu ya kama gabansa.

Karabin, mai zane a murɗe cikin bututu, labarinta daban ne amma ƙarshensa ɗaya. Ita harsashi guda take jefawa, zanen ke juya shi ya tafi a miƙe. Wuri na ƙarshe da harsashi ke taɓawa shi ne leɓen bakin, kuma dole ya rabu da shi ta kowane gefe lokaci guda. In leɓen ya karkace ko da kaurin gashi, iska za ta riga fita ta gefe ɗaya ta ture gindin harsashin. Na ga Bature ya fasa fita farauta yini guda saboda bakin karabin ɗinsa mai kalibar .375 ya bugi dutse, sai da ya sake gwada ta a kan allo ya yarda da ita, don wanda zai tunkari ɓauna ba ya caca. Ban da haka, kowane inci da aka cire yana rage gudun harsashi da kamar mita 7 zuwa 10 a daƙiƙa, saitin gaba ya tafi, in an mayar da shi ma ya matso kusa da na baya, ƙaramin kuskuren ido ya zama babba a nesa. Na san akwai gajerun karabin da gajerun bindigogin dalma da masana'anta ke fitarwa, 'yan sanda na riƙe su, wasu jagororin farauta ma na bin damisar da aka raunata da su cikin sarƙaƙiya. Waɗannan haka aka haife su, an gwada su, an buga musu lamba, takardarsu ta faɗi tsawonsu. Ba su da dangantaka da abin da ake yi a bayan kasuwa.

To, iyayena, ta rasa nisa, ta rasa saiti, ta ƙara shuri, ta ƙara kurumta. Me ta samu? Abu ɗaya tak: tana shiga ƙarƙashin riga. Zabo bai taɓa neman a ɓoye masa bindiga ba. Wani zai ce ai biri ya san doguwar bindiga, yana hango ta ya gudu. Haka ne, na gani da idona, amma in ya gudu ai masara ta tsira, buƙata ta biya ba a ƙona kartush ba. Wanda ake ɓoye wa bindiga mutum ne: mai shagon da za a shiga wa da dare, ɗan kilando, wato ɗan acaɓa, da za a ƙwace wa babur a hanyar Pitowa, falken da ya sayar da shanu ranar kasuwa.

Hukumomin duniya sun gane haka tuntuni, har ƙasashen da ba su yarda da juna a komai ba sun haɗu a kan wannan. Amurka, inda bindiga ta fi yawa a hannun jama'a, tun 1934 ta yi dokar da ta ware guntuwar bindiga daban, bayan 'yan dabar wancan zamani sun addabi biranenta. A ƙa'idarsu bindigar dalma kada bututunta ya gaza inci 18, karabin inci 16, tsawon gaba ɗaya inci 26. Wadda ta gaza haka sai da rajistar gwamnatin tarayya, a 1934 kuma an ɗora mata harajin dala 200, kuɗin da a lokacin ya ninka farashin bindigar kanta sau da yawa. Wanda aka kama da ita ba rajista yana iya shan ɗaurin shekara 10. Wani Ba'amurke da na yi wa bin sawu ya taɓa ba ni labarin Ruby Ridge muna zaune bakin wuta. Wani mutum, Randy Weaver, ya sayar wa ɗan leƙen asirin hukuma bindigogi biyu da aka yanke a 1989. Aka kira shi kotu bai je ba. A watan Agustan 1992 jami'ai suka kewaye gidansa a kan dutse a jihar Aidaho, kafin a tashi ɗansa mai shekara 14 ya mutu, matarsa ta mutu, jami'i ɗaya ya mutu. Daga baya kotu ta wanke shi daga laifin bindigogin, amma wankewar ba ta tashi kowa daga kabari ba. Duk a kan 'yan incin ƙarfe.

Ingila a dokarta ta 1968 ta mai da rage bututun bindigar dalma ƙasa da inci 24 laifi mai zaman kansa. Faransa, wadda muka gaji yawancin tsarinmu daga gare ta, tana auna da santimita: bindigar kafaɗa in tsawonta bai wuce 80 ba, ko bututunta bai wuce 45 ba, ta fita daga sahun na farauta ta koma rukunin da sai da izinin firefe, wato wakilin gwamnati mai mulkin yanki. A tsibirin Sisili na Italiya makiyaya sun yanke bindigoginsu wai don kerkeci, har sunanta lupara daga sunan kerkecin aka samo shi, amma yau duk duniya da 'yan Mafiya aka san ta. Na tuna da biran yaron nan da na ji wannan. Wadda ta fi kusa da mu ita ce Najeriya, tunda da yawanmu ƙafa ɗaya a Garwa ɗaya a Yola. Dokar makamansu ta 1959 ta hana rage bututun bindiga mai santsin ciki ƙasa da inci 20, kusan santimita 51, ta kuma hana riƙe wadda aka rage. Wanda ya tsallaka da ita ta Demsa ko ta ruwa, ba sai ya harba ba, ganinta a hannunsa ya isa.

A nan gida, dokar da ke kanmu ita ce mai lamba 2016/015 ta ranar 14 ga Disamba 2016, wadda ta tsara makamai da harsasai a Kamaru. Ta kasa su rukuni 8, na farauta su ne na 5. Saye, riƙewa da ɗauka duk sai da izinin ma'aikatar mulkin cikin gida, wadda muke kira MINAT, ta hannun sufurefe, mai mulkin ƙaramin yanki, da firefe da gwamna. Izinin nan na mutum ɗaya ne, a kan bindiga ɗaya mai suna da kalibar da lamba, don wani amfani sananne. Ba a gadonsa kamar gona. Yaron da ya zo mana tun kafin a taɓa bindigar ba shi da takardarta, don takardar ta bi mahaifinsa. In kuma an yanke ta, ko mahaifin ne ya dawo da takardarsa a hannu zai sha wuyar gamsar da jandarma cewa wannan ce bindigar farautar da aka ba shi izini. Ƙera makami ba tare da izini ba laifi ne na ɗauri a dokar. Kamaru da Cadi kuma duk suna cikin yarjejeniyar Kinshasa ta 2010 kan ƙananan makamai a Afirka ta Tsakiya, wadda ta fara aiki a 2017, ita ma ta ce ƙira, ko ta masana'anta ko ta hannu, sai da lasisi da lamba.

Ranka ya daɗe Sarkin Maƙera, ga inda abin ya shafe mu kai tsaye. Fashi da bindiga a ƙasar nan kotun soja ake kai shi. Dokar laifuffuka kuma tana hukunta wanda ya taimaka da saninsa kamar wanda ya aikata. In an kama yaro da guntuwa, tambaya ta farko wa ya ba ka, ta biyu wa ya yanke maka. Ba ya kwana biyu a hannu bai nuna shago ba. Maƙerin zai ce ban san abin da zai yi da ita ba, alƙali kuma zai tambaye shi wane aiki ne guntuwar bindiga ke yi wanda doguwa ba ta yi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kuɗin aikin bai kai na gyaran ƙyauren gida ba, a kansa mutum zai bar 'ya'yansa da zugazugi a rataye.

Kuma ba shi kaɗai zai sha ba. In hukuma ta fusata ba ta tsince. A watan Afrilun 2018 MINAT ta dakatar da sayar da bindigogin farauta da harsasai a jihohi shida lokaci guda, har da maƙwabciyarmu Adamawa, mai takarda da marar takarda duk suka rasa kartush. Ranar da aka yi ɓarna da guntuwa a wani gari, maƙerar garin gaba ɗaya ake bincikewa, a tafi da tsohon da bai taɓa ƙera abin da ya wuce fartanya da lauje ba, a bar iyalinsa suna zarya da kwanon abinci.

Akwai masu uzuri na gaskiya, ba zan ɓoye su ba. Na san wani dattijo maharbi da ya jingine bindigarsa duk damina a kusurwar ɗaki, baki a buɗe. Zanzaro ya shiga ya yi gininsa na laka. Da kaka ta yi ya fita, bai leƙa ciki ba, harbin farko bakin ya tsage kamar ɓawon ayaba. Allah ya tsare idonsa. Irin wannan na faruwa ga wanda ya yi tuntuɓe bakin ya caki taɓo a fadama. Mutumin nan ba shi da kuɗin sabuwa, zuciyarsa kuma na gaya masa a cire inda ya lalace a ci gaba da sauran. Na fahimce shi sarai. Amma bututun da ya fashe a baki sau da yawa ya kumbura a wani wurin da ido bai kama ba, ga tsatsar shekaru ta rarake shi ta ciki, sai mai kayan awo ne zai faɗi ko saura na ɗaukar wuta. Garin neman gira kada a rasa ido. Hanyarsa ita ce ya kai ta a yadda take, da takardarta, gaban sufurefe, a rubuta abin da ya same ta, a tura shi wurin mai gyara mai lasisi ko a karɓe ta a ba shi damar neman wata. Matsalar ita ce mai gyara mai lasisi a arewa kamar ruwa ne a watan Afrilu, talaka kuma ba zai hau mota zuwa Yawunde ko Duwala don bakin Simplex ba. A nan ne nake roƙonku ku yi amfani da bakinku. In kun je gaban Lamido, shi kuma ya kai gaban gwamna, ku nemi a tantance maƙera ɗaya ko biyu a kowane yanki, waɗanda kuka tsaya musu, a horar da su, a ba su izinin gyara da littafin rubuta kowace bindigar da ta shigo da lambarta. Muddin babu ƙofar halal, ta bayan kasuwa ba za ta rufu ba.

Uzuri na biyu tsoro ne, shi ma ba na raina shi. Mun ga zamanin zargina, 'yan fashi masu tare hanya, a kan hanyoyinmu har aka kafa BIR, rundunar sojan kai ɗaukin gaggawa, dominsu. Yau kuma masu satar mutane a Mayo Rai da wajen Tuboro sun sa makiyaya sun sayar da garke don fansar 'ya'yansu. Wanda ya kwana a ruga yana jin haushin kare ba za ka ce masa ya yi haƙuri kawai ba. Sai dai waɗannan mutane da Kalashnikov suke zuwa, wadda ke kai wa ɗaruruwan mitoci, kai kuma ka ɗauki kartush guda a bindigar da ka rage wa nisa da hannunka. Ban ga tsaro a nan ba. Ga kuma soja a shinge da dare: wanda ya rataya doguwa a kafaɗa, da takarda a aljihu, sunansa na cikin jerin 'yan sintirin da jauro da sufurefe suka sani, ana tsayar da shi a yi magana. Wanda aka laluba aka ji guntuwa a ƙarƙashin rigarsa, Allah kaɗai ya san ko za a ba shi lokacin yin bayani. Ɗan sintiri bindigarsa ganinta ake so a yi, don ɓarawo ya hango ya canza hanya.

Abin da nake roƙo a wurin sarakunan maƙera bai fi ƙarfinku ba. Kakanninmu suna da abubuwan da ba sa ƙerawa ko nawa aka biya, maƙeri ba ya yi wa baƙo mabuɗin ɗakin da bai ga mai shi ba. Ku ƙara wannan a kai, ku faɗe shi da bakinku a taro, da hukuncin da sana'a ta sani: wanda ya yanke bakin bindiga ba a zama da shi, ba a ba shi yaro koyo, ba a tsaya masa in an kama shi. Kuma ku kira masu walda da makanikai da masu injin yankan ƙarfe, ko da ba jinin maƙera ba ne. Gaskiya ita ce yau aikin ya fi yawa a hannunsu, kuma yaran shago ne ke yi bayan maigida ya tafi sallar magariba. Ƙanena ya tara nasa yaran ya gaya musu washegarin ranar, ya kuma koma kulle injin a akwati in zai fita.

Ranka ya daɗe Sarkin Baka, naka ya fi sauƙi, don maharba na jin maganarka fiye da ta kowace takarda. Tun dokar daji ta 1994 aka hana farautar dare da fitilar goshi, kuma kun san yadda kuka sha fama kafin yara su rage. Wannan ma haka za a bi shi. Duk wanda ya zo farautar gayya da guntuwa a mayar da shi gida tun daga bakin gari, don na kusa da shi a layi ne zai kwashi dalmar. A koya wa yara toshe baki da tsumma mai mai in za a ajiye bindiga, da leƙa bututu kafin a sa kartush. Mai kukan babur kuma a nuna masa abin da kowane tsohon maharbi ya sani: Simplex da Baikal ana ɓalle su gida biyu, a naɗe a ɗaure a bayan babur ba kartush a ciki, a je gona a haɗa. Maƙerinta ya riga ya yi tunanin tafiya tun kafin a haifi mai babur.

In kun sa ranar zama, ku aiko a kira ni. Zan zo da ma'aunin ƙarfe na shagon ƙanena, wani mai takarda ya kawo tasa, mu cire bututun mu auna ciki da baki a gaban yara su ga maƙogwaron da idonsu. Yaron nan kuma, na bincika na gano gidansu. Mahaifinsa na cikin maharbanku, kun yi daji tare, ba zan rubuta sunansa a nan ba amma zan faɗa wa Sarkin Baka a kunne. Ina roƙon a tura dattijo guda ya je ya gai da mahaifiyarsa, ya nemi ganin bindigar. In ba a riga an taɓa ta ba, a raka shi wurin sufurefe a fara neman takarda da sunansa kafin masara ta bushe.

Wassalam. Naku ɗa, tsohon mai bin sawu, daga Garwa.